Wa Ke Shayar da Geron Gindin Sabara?

Duk manomin da ya daɗe yana riƙe da hauya a ƙasar Gwashi da sauran ƙauyukan Bukkuyum, ko a tudun Anka da Gummi, ya san wannan abu ko da bai taɓa tsayawa ya nemi dalilinsa ba. Damina ta kankama, an yi shuka, an yi noman farko, sai ruwa ya ɗauke mako biyu ko fiye. Rana ta buɗe, ƙasa ta bushe, ganyen gero ya nannaɗe ya yi yaushi tun da hantsi. Amma in ka bi gonar kunya-kunya za ka tarar da 'yan wurare inda geron ya ƙi russunawa. Ya fi tsawo, ya fi kauri, ganyensa kore shar. In ka duƙa ka duba tsakiyar wurin, sau da yawa kututturen sabara za ka gani, wadda aka sassabe da bazara ta soma fitar da sabon toho.

Abin da ya sa lamarin ke ɗaure kai shi ne sabara ba ta da farin jini a gona. Manoma da yawa na ɗaukarta alamar gajiyar ƙasa, sukan ce inda sabara ta yi yawa gona ta tsufa. Kowace bazara ana sare ta, a tara rassan a cinna musu wuta, wasu ma har su bi saiwar da gatari su tone. Hankali ma kamar yana bayansu: tsiro biyu a wuri ɗaya, ruwa kaɗan, ai dole babba ya ƙwace rabon ƙarami. To yaya aka yi geron da ke maƙwabtaka da wadda ake zargi da satar ruwa ya fi kowane gero ƙoshi? Ruwa ba ya tsami banza. Masana sun shafe kusan shekara 20 suna bin sawun wannan tambaya a Nijar da Senegal kafin su kai ga amsa, kuma amsar ta shafi rumbunmu, ta shafi lafiyar iyalinmu.

Wadda ake zargi

Sabara ƙaramar itaciya ce da ba ta cika wuce mita 3 ba. Masana tsirrai na kiranta Guiera senegalensis, kuma dangi ɗaya suke da geza da taramniya da marke da baushe. Ganyenta ƙanana ne masu launin toka-toka da laushin gashi, in ka juya bayan ganyen za ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe. Furenta dunƙulalle ne, 'ya'yanta dogaye masu gashi. Ba baƙuwa ba ce kamar darbejiya da aka kawo daga Indiya. 'Yar ƙasa ce, tana nan tun daga Senegal har Sudan, ta fi son jigawa da saura da duk inda yashi ya yi yawa.

Akwai halayenta biyu da ya kamata mai bincike ya riƙe tun daga farko. Na ɗaya, tana riƙe ganyenta har cikin tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta zama yayi, raƙuma da awaki na neman abin tsinka. Na biyu, komai saran da aka yi mata, muddin saiwa na ƙasa, sai ta dawo. Itaciyar da ke da ɗanyen ganye wata biyar bayan ɗaukewar ruwa, lalle akwai inda take sha.

Zato na farko: inuwa

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce inuwa. Sabara na kare gero daga zafin rana, shi ya sa bai yi yaushi ba. Amma wannan zato bai daɗe a tsaye ba. Da fari dai, lokacin da ake shuka an riga an sassabe ta har ƙasa, babu reshen da zai yi wa wani inuwa. Sannan gero ba ya son inuwa. Kowa ya ga yadda yake ƙanjamewa a ƙarƙashin ɗorawa ko kaɗe. Gawo ne kaɗai ake yaba wa, shi ma don yana zubar da ganyensa da damina ne ya bar rana ta sauka.

Abin da za a iya ba tohon sabara a wannan fanni shi ne kariya daga iska. A farkon damina guguwa kan taso kafin ruwa, ta kwashi yashi ta yi ta dukan jaririn gero har ta binne shi ko ta yayyanka ganyensa. Tushen sabara na rage ƙarfin wannan duka. Taimako ne na gaske, amma bai bayyana yadda gero ke samun abin sha a busasshiyar ƙasa ba.

Zato na biyu: taki

Zato na biyu ya fi ƙarfi. In ka lura, gindin sabara yakan ɗan yi tudu fiye da sauran gona. Wannan tudu ba haka kawai ya taru ba. Da hunturu iska na ɗauko ƙura mai laushi daga hamada, musamman daga tsohon kwarin tafki na Bodele da ke ƙasar Chadi, ƙurar kuwa na ɗauke da sinadaran da shuka ke buƙata. A fili tsirara iska na wucewa da ita, har ma ta ƙara da ƙasar saman gonar. Inda akwai sabara sai rassan su tare ta, ta zauna. Haka busasshen ganye da karmami da ɓurɓushin kara ke maƙalewa a wurin. Tumaki da awaki na zuwa su tsaya suna tsinkar ganye, su bar kashi da fitsari. Gara ta zo ta ci abin da ya taru, ta huda ƙasa, ruwan sama ya sami hanyar shiga maimakon ya gudu.

Wani masani Bajamushe, Alexander Wezel, da abokan aikinsa sun auna wannan a gonakin gero na kudu maso yammacin Nijar, suka fitar da sakamakonsu a shekarar 2000. Sun tarar ƙasar gindin sabara ta fi ta fili sinadaran abincin shuka, geron da ke kusa da ita kuma ya fi bayar da amfani.

Wannan bincike ya wanke sabara daga zargi ɗaya. Ba ita ke gajiyar da gona ba. Abin da ke faruwa shi ne in ƙasa ta gaji, aka sare manyan itatuwa, sauran tsirrai suka kasa, ita ce ke iya jurewa ta tsaya. Mutum ya zo ya same ta ita kaɗai a wurin ɓarna sai ya ɗora mata laifi, alhali gyara take yi.

Sai dai tambayarmu ba ta gama warwaruwa ba. Taki na bayyana tsawo da kauri, amma taki ba ruwa ba ne. Kowane manomi ya san in ka zuba takin zamani a busasshiyar ƙasa ƙona shuka yake yi. Gero mai ƙiba ma ya fi ramamme buƙatar ruwa, don haka shi ya kamata ya fara faɗuwa in fari ya zo. Tunda bai faɗi ba, akwai sauran magana a ƙarƙashin ƙasa.

Zato na uku: saiwa

A farkon shekarun 2000 wani masanin ƙasar noma daga Amurka, Farfesa Richard Dick, ya haɗa kai da masana na Senegal, cikinsu har da Ibrahima Diedhiou na garin Thiès, suka kafa gonar gwaji a ƙauyen Keur Matar Arame. Yankin na yashi ne, gero da gyaɗa ake nomawa, sabara kuma ta cika gonaki kamar yadda take a namu tudun. A kudancin ƙasar suka yi irin wannan gwaji da kalgo.

Ɗaya daga cikin masu binciken, Fred Kizito, ya bi saiwoyin ya kuma auna danshin ƙasa hawa-hawa. Abu na farko da ya bayyana shi ne gero da sabara ba ƙwarya ɗaya suke sha ba. Mafi yawan saiwar gero na sama-sama. Sabara kuwa, ban da saiwoyin da ta shimfiɗa kusa da sama, tana da wasu da ke nutsawa mita da yawa zuwa inda ƙasa ba ta bushewa ko da rani. Wannan ya bayyana ɗanyen ganyenta a watan Maris, ya kuma rage zargin cewa tana ƙwace ruwan gero.

Abu na biyu shi ne ya ba kowa mamaki. Na'urorin da aka binne kusa da sabara sun nuna danshin ƙasar sama na raguwa da rana, wanda ba abin mamaki ba ne, amma da dare sai ya ƙaru. Ba a yi ruwa ba, ba a yi ban-ruwa ba, kuma kowane dare haka. Wani zai ce raɓa ce. To raɓa fatar ƙasa kawai take jiƙawa, kuma da ita ce da ta sauka ko'ina daidai, ba sai gindin sabara ba. Wani abu ne ke kawo ruwa daga ƙasa zuwa sama cikin duhu.

Masana sun riga sun san irin wannan hali a wata nahiya. A shekarar 1987 James Richards da Martyn Caldwell sun bayyana shi a jikin wata ƙaramar itaciyar daji a jihar Utah ta Amurka. Ga yadda abin yake. A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Da rana a buɗe suke, ruwa na fita ta cikinsu ya bi iska, wannan fita kuma ita ke janyo wani ruwan daga saiwa zuwa sama. Da dare ƙofofin na rufewa. Amma ruwa, bisa ɗabi'arsa, yana barin wuri mai danshi ya nufi busasshe. Saiwar da ke can ƙasa cikin laima ta ci gaba da sha, hanyar ganye kuma a rufe, sai ruwan ya bi saiwoyin sama ya tsattsafo cikin busasshiyar ƙasar da ke kewaye da su. Sabara ta zama kamar guga mai ɗebo ruwa daga rijiya duk dare tana zubawa a bakinta.

Hujjar da ta rage

Duk da haka mai taurin kai na da abin faɗa, kuma yana da gaskiya. Ko da sabara na ɗago ruwa da dare, wa ya ce gero na samu? Wataƙila da gari ya waye ita ce ke shanye abinta. Ana buƙatar a kama ruwan sabara a cikin jikin gero, a nuna shi.

Wannan shi ne aikin da Nathaniel Bogie na Jami'ar Kaliforniya da ke Merced ya yi tare da Dick da Diedhiou da Roger Bayala da sauransu, aka buga a shekarar 2018. Dabararsu mai sauƙin fahimta ce. Sun shuka gero da rani ta hanyar ban-ruwa, don ruwan ya kasance a hannunsu, wani fili da sabara, wani babu. Da geron ya kama sai suka yanke ruwan, suka haddasa fari da gangan. Daga nan suka tona suka kai ga saiwoyin sabara na ƙasa, zurfin fiye da mita 1, suka shayar da su wani ruwa mai alama. Ruwa ne kamar kowane a ido, amma yana ɗauke da nau'in sinadarin haidurojin mai nauyi wanda na'ura ke iya ganewa duk inda ya shiga. Sai suka riƙa yankar gero suna aunawa.

Tsakanin awa 12 zuwa 96 alamar ta bayyana a jikin geron da ke kusa. Ruwan da aka ba saiwar sabara a can ƙasa ya hau, ya fita, gero ya sha. Da aka auna kara da ganyen da kowane fili ya tara a ƙarƙashin wannan matsanancin fari, na wajen sabara ya ninka na fili tsirara kusan sau 10. Gani ya kori ji.

Yanzu amsar ta haɗu. Mai shayar da geron gindin sabara ita ce sabarar da kanta. Tana tara masa taki da rani, ta kare shi daga yashi a farkon damina, ta ɗebo masa ruwa da dare in sama ta ɗauke. Danshin nan kuma na raya ƙananan halittun ƙasa masu ruɓar da ganye su mai da shi abinci, don haka aikin taki da na ruwa na ƙarfafa juna. A gonar gwajin an ga amfanin gona na nuna da wuri, da tazarar kusan mako biyu, abin da ke da muhimmanci a shekarar da damina ta gajarta.

Wajibi ne a faɗi sharaɗin wannan nasara. Filin Keur Matar Arame ba kututture ɗaya ko biyu ba ne. An kai yawan sabarar zuwa kusan tushe 1,500 a hekta, alhali gonakin manoman yankin 'yan ɗaruruwa ne ke cikinsu. Kuma fiye da shekara 10 ba a ƙona rassan ba, sara ake yi a daddatsa a mayar wa ƙasa. Wanda ke cinna wa sassabensa wuta kowace bazara yana ƙona rabin alherin da hannunsa.

Tambaya ta biyu: ganyen

Sabara ba a gona kaɗai take aiki ba. Da wuya ka sami gidan da tsohuwa ba ta san ta ba. Ana tafasa ganyenta don wankan jego. Ana shanya shi a daka a zuba garin a kunu ko fura saboda gudawa da atuni da basir. Ana sha don tari da zazzaɓi, ana wanke ƙuraje da gyambo da ruwanta. Fulani na turara rassanta a ruga don korar ƙudaje daga shanu. Wasu kuma na ba wanda maciji ya sara. Daga Senegal har Sudan, al'ummomin da ba su jin harshen juna sun yi ittifaƙi a kan yawancin waɗannan amfanoni. Me ke cikin ganyen, kuma ina iyakarsa?

Alamar farko na kan harshe. Tauna ganyen sabara ka ji bauri, baki ya ɗaure. Wannan bauri na wani rukunin sinadarai ne da ake kira tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Aikin tanin shi ne kama sinadarin furotin ya ɗaure shi. A hannun majemi shi ke hana fata ruɓewa. A cikin hanji yana ɗaure fatar ciki ya rage tsattsafar ruwa, a kan gyambo kuma yana busar da shi ya takura wa ƙwayoyin cuta. Ashe kakanninmu da suka ba mai gudawa garin sabara ba a kan iska suka gina ba.

Tari ma an gwada. A shekarar 1998 Rokia Sanogo, masaniyar magunguna 'yar ƙasar Mali, da abokan aikinta sun nuna ruwan ganyen na rage tari a jikin ɓeran Masar. Wasu masana kuma sun ciro wasu sinadarai daga sabara, irin su harman da guieranone A, suka ga suna kashe ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a cikin kwalbar gwaji.

Maganar maciji ita ce ta fi buƙatar natsuwa, domin rai ne a ciki. A shekarar 2000 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun buga wani bincike a kan dafin kububuwa da na kumurci. Sun gauraya dafin da ruwan ganyen sabara, sannan suka yi wa ɓeraye allurarsa, sai mutuwa ta ragu. Labari mai daɗi, amma a lura da tsarin: an haɗa dafi da ganye a waje kafin su shiga jiki. Dafin maciji furotin ne, tanin kuwa ɗaure furotin ne aikinsa, don haka in sun haɗu a kwalba dole ya raunana shi. Mutumin da kububuwa ta sara a gona, dafin ya riga ya shiga jininsa, abin da ya sha kuma yana cikin tumbi. Ba za su haɗu yadda suka haɗu a kwalba ba. Abin da ke ceton wanda kububuwa ta sara shi ne allurar kashe dafi, irin EchiTAb da ake amfani da ita a asibitin kula da waɗanda maciji ya sara na Kaltungo a jihar Gombe. Duk awar da aka ɓata ana jiƙa ganye, jini na ƙara tsinkewa.

Haka zancen yake ga zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya kashe ƙwayar cuta a kwalba bai zama maganin yaro mai suma ba. Haka ga gudawar jarirai: abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki, maganinsa kuwa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc, da gaggawar zuwa asibiti in ido ya faɗa. Yawan tanin kuma na hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, abin da bai dace da mai ciki ko mai jegon da ke fama da ƙarancin jini ba. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna shan sabara da yawa na iya taɓa hanta da ƙoda. Kasancewar abu daga daji bai sa ya rasa ma'auni ba.

Mu mutanen wannan yanki mun biya tsada kafin mu koyi cewa sanin cuta ke gaba da ba da magani. A farkon shekarar 2010 yara suka yi ta mutuwa da jijjiga da amai a Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji na ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru na Bukkuyum. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne, an zaci sanƙarau ne, magani bai ci ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka aika jinin yaran ɗakin gwaji a Turai aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Fiye da yara 400 suka rasu. Abin da ya tsayar da mutuwar shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa da ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini, aikin da ya kai garin Bagega a 2013. Babu ganyen da zai yi wannan aiki. Kuma ganyen da aka tsinko kusa da inda ake niƙa dutse ko wanke shi na iya ɗauke da ƙurar dalma, ya zama guba a cikin kunun yaro.

Wannan ba raina maganin gargajiya ba ne. Hanya ce ake nunawa. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta ɗauki wani haɗin gargajiya mai ɗauke da masoro da kanumfari da karan dafi, ta auna, ta gwada a kan masu ciwon sikila, ya zama maganin Niprisan. Sabara ta cancanci irin wannan hidima, domin ta nuna alamun da suka isa a bi ta da bincike har zuwa gadon asibiti.

Yadda za a raine ta

Alherin sabara shi ne ba ta buƙatar gandun reno ko leda ko ban-ruwa. Tana nan a gonarka, a ƙarƙashin ƙasa, tana jiran a ƙyale ta. Wannan shi ne darasin Maradi. A shekarar 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya gaji da dasa itatuwa a yankin suna mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa a gonaki toho ne na kututturai masu rai. Manoma suka fara zaɓar toho mafi ƙarfi suna barinsa, suna rage sauran, abin da aka sani a can da sassaben zamani. Bayan shekaru, hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna kusan hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200. Sabara da kalgo na cikin waɗanda suka fara dawowa.

Ga mai son gwadawa a Gwashi ko Gummi ko Anka, matakan ba su da wuya. Kada a tone saiwa. Da bazara a sare rassan dab da ƙasa, a ware masu kauri don girki, a daddatsa ƙananan da ganyen a baza a gona, kada a sa wuta. A yi shuka har kusa da kututturen. In toho ya taso ya fara rufe gero, a sake rage shi lokacin noma na biyu a bar ganyen a nan ya ruɓe. A bakin iyaka kuwa a bar wa kowane tushe rassa biyu zuwa biyar su girma, su tare iska su ba da itace. Bayan girbi a ƙyale ta ta yi ganye, domin a lokacin ne take tara ƙurar hunturu ta kuma ciyar da saiwarta.

Wanda sabararsa ta yi kaɗan na iya ƙara ta ba tare da sayen komai ba. Da tsakiyar damina a lanƙwaso reshe mai laushi a kwantar da shi ƙasa, a rufe tsakiyarsa da ƙasa mai danshi, a bar kan a waje. Zai yi saiwa a inda aka binne, daga baya a yanke shi daga uwar ya zama tushe mai zaman kansa. An gwada wannan dabara a Burkina Faso ta yi aiki. Don magani kuma, a tsinki ganye nesa da wurin aikin zinariya da inda aka yi feshi, a wanke, a shanya a inuwa.

Wannan magana ta fi kowane lokaci muhimmanci yanzu. Rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa da dajin da suke samo itace, don haka nauyi ya koma kan gonakin bakin gari. Ana noma su shekara bayan shekara ba hutu, buhun taki ya fi ƙarfin talaka, mata kuma dole ta sa suna tone duk kututturen da ke kusa don hura wuta. Kowace saiwar da aka tone, an rufe wata hanyar ruwa da ta ɗauki shekaru tana nutsawa.

Gwajin Senegal a ƙasar yashi aka yi shi, don haka jigawarmu ce ta fi dacewa da darasinsa, ba laka ko fadamar Gulbin Zamfara ba. Ya kamata Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Gusau da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru su maimaita shi a ƙasarmu, da geronmu da dawarmu da wakenmu, masana magungunansu kuma su fitar mana da ma'aunin shan ganyen da ba zai cutar ba. Sarakuna da hakimai da malaman gona su sa baki a daina tone saiwa da ƙona sassabe.

Kai kuma manomi, ba sai ka jira kowa ba. Bazara mai zuwa ka raba gonarka biyu. Ɓangare ɗaya ka yi yadda ka saba, ɗayan ka bar kututturan sabara, ka mayar wa ƙasa ganyenta, ka hana wuta. Ka yi haka damina uku a jere, kana ƙirga damin kowane ɓangare da kaka, sannan ka gaya wa maƙwabcinka abin da ka samu.